Yis Ɗan Lele

Masu dafa giya a gida a Jamus suna da ubangida, sunansa yis. Nau'in yis na giyar ale yana son zafi digiri 18 zuwa 22, na lager kuwa sai kusan 10. Zafi ya yi yawa, giya ta fito da ƙamshin ayaba, mashayi ya tashi da ciwon kai. Sanyi ya wuce kima, gogan ya yi barcinsa. Abin haushi, shi da kansa ke ɗumama tulun in yana aiki. Ba yau aka fara lallaɓa shi ba: a 1553 mai mulkin Bavariya ya hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, wato lokacin zafi a can. Yanzu magidanci kan saya wa tulu firjinsa, shi ya kwana da fanka.