Allah Ya Ja Zamanin Saitin Kamfani

Ranka ya daɗe, Saitin Kamfani. Tare da waya ka zo cikin kwali, a cikin kwamfuta ka kwana tun daga masana'anta, kuma har na'urar ta tsufa a sayar da ita ta hannu babu mai ɗaga ka daga kujerarka. A kasuwar Farm Centre ta Kano mutum zai yi rabin yini yana ciniki a kan Tecno ko Infinix, ya zaɓi riga, ya sa a manna masa gilashin kariya, ya biya yaro ya tura masa karatu da waƙoƙi, amma ba zai taɓa tambayar abin da wayar za ta riƙa yi da sunansa ba. Kai ka ɗauke masa wannan wahala. Ka zaɓa masa komai tun bai san akwai zaɓi ba. Wa ya kai ka kyautatawa?

Karamcinka a WhatsApp ya isa a ba da labari. Tun 2019 aka ba mai waya ikon cewa wane ne zai iya saka shi a zaure, amma da yake ba ka son wulaƙanta baƙo, sai ka bar ƙofar ga kowa. Albarkacinka mutum zai kwanta lafiya ya farka a zauren masu ninka kuɗi cikin kwana uku, lambarsa a fili gaban jama'ar da bai taɓa gani ba. Hoton fuskarsa ma ka bar wa duk mai lambarsa ya kalla, don ɗan damfara kada ya sha wuyar neman hoton da zai liƙa wa sabon layinsa.

Babbar bajintarka kuwa ita ce lambar sirri ta biyu. Tun 2017 WhatsApp ke da ita: lamba shida ce da mai waya zai zaɓa da kansa, wadda idan babu ita ba a iya ɗauke asusunsa zuwa wata waya ko da an samu kod ɗin da aka turo ta saƙo. Kai ka bar ta a kashe, kuma ka kyauta, domin da a kunne take da sana'a guda ta mutu. Kowa ya san yadda sana'ar ke tafiya. Murya mai ladabi ta kira: "Alhaji, barka da yamma, daga zauren tsofaffin ɗalibai ne, za mu yi taro ta intanet da daddare, an turo maka wasu lambobi shida, karanto min in saka sunanka." Alhaji ya karanto. Kafin isha'i ƙannensa da surukansa da abokan kasuwancinsa duk sun samu saƙo da sunansa da hotonsa, wai yana asibiti, a taimaka da dubu hamsin zuwa gobe. Masu tura kuɗin nan su ne mafi ƙaunarsa, shi ya sa abin ke da ciwo. Washegari dattijo mai mutunci zai bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Duk wannan hidima, ranka ya daɗe, a kan maɓallin da ka bari a kashe ta tsaya.

Haka ka yi wa layin waya. Kowane sim yana iya ɗaukar lambar kulle tasa, wadda idan aka kuskure ta sau uku ya rufe, sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi. Ka ga babu dalilin takura wa mutane da wannan. Sai ga mai waya ya kulle fuskarta da zanen yatsa yana jin ya gama tsaro, kamar wanda ya sa ƙofar ƙarfe a zaure ya bar katangar baya a rushe. Mai ƙwacen waya ba ruwansa da zanen yatsa. Sim ɗin zai zare ya saka a ƙaramar waya, kuma a ƙasar da ake tura kuɗi ta danna tauraro da lambobi, inda banki ke aiko kod ta saƙo, wanda ya riƙe layin mutum ya riƙe rabin asusunsa. Idan ma bai zare ba, ka riga ka tanadar masa sauƙi, tunda a wayoyi da yawa saƙon banki na bayyana a fuskar waya tana kulle, kowa ya karanta. Kuɗin da ke tafiya ta wannan hanya ba na masu rumbu ba ne. Jarin mai kayan miya ne, da zubin adashin da wata uwa ta tara don kayan ɗakin 'yarta.

Ga ka kuma da hannun kyauta a kan data. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, amma ko gezau ba ka yi ba. Bidiyon Facebook na kunna kansa, hotunan zaure na sauko da kansu, manhajoji na aiki a ɓoye mai waya na barci. Ɗalibi ya jona kwamfutarsa da datar wayarsa don ya tura aikin makaranta, Windows ta ɗauka ruwan kogi ta samu, ta hau sauke sabunta kanta, domin ba ka gaya mata data ce ta awo ba. A Windows ɗin nan dai ka ɓoye wutsiyar sunan fayil, wadda ke nuna takarda ce ko manhaja. A watan Mayun 2000 ƙwayar cutar ILOVEYOU ta taso daga Filifin ta mamaye miliyoyin kwamfutoci, tana shigar takardar soyayya saboda wutsiyarta ta ainihi a ɓoye take. Fiye da shekara ashirin ke nan ba ka sauya hali ba. Irin wannan riƙon amana sai kai.

Masu cewa ba ka da wani muhimmanci su je su tambayi manya, ai ruwa ba ya tsami banza. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don injin bincikensa ya zama shi ne zaɓaɓɓe tun daga kwali a wayoyi da manhajojin shiga intanet, kuma a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba. A 2021 ɗin ne Apple ya fara tambayar masu iPhone ko sun yarda manhajoji su bi sawunsu, maimakon a yanke musu hukunci. Tambaya ɗaya tak, amma Meta mai Facebook ya ce za ta ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Ashe shirun da muke yi a gabanka dukiya ce, wasu ke kwasa. Madalla da bawan da ke zaune a aljihunmu yana yi wa wani gida aiki.

Sai dai ka yi hattara, kana da maƙiya, kuma cikin gida suke. Duk da ka binne makullan nan shafi ƙarƙashin shafi da ƙananan haruffa, akwai yara marasa kunya da ke tono su. Za ka ga yarinya 'yar sakandare ta ce, "Baba, kawo wayarka minti goma." Ta saka wa WhatsApp lambar sirri ta biyu, ta mayar da ƙofar zaure da hoton fuska ga waɗanda ke cikin lambobinsa kawai, ta hana saƙo bayyana a fuskar waya tana kulle, ta kashe saukar hotuna da kunnuwar bidiyo. Ta bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya tana ƙwace izini, har tana tambayar me ya haɗa tocila da sunayen mutanen da ke wayar Baba. Sannan ta sa shi ya nemo katin sim ɗinsa, ta kulle layin, ta rubuta masa PUK a littafin da yake rubuta bashin shago. Ba a nan take tsayawa ba: ta riga ta gaya wa Inna da Kawu su kawo nasu wayoyin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.