Rabe-raben Tsofaffin Ma'aurata a Karkara

Tsofaffin ma'aurata na karkara su ne miji da mata da suka aurar da autarsu, 'ya'yansu maza suka tafi Kano ko Abuja ko Legas neman abinci, gida ya rage daga su sai abin da ke ɗaure a turke da abin da ke tsirowa a bayan ɗaki. Ba a rarraba su ta shekaru, don mafi yawansu ba su da takardar haihuwa. In an tambaya, tsoho zai ce ya yi aure shekarar da aka canza fam zuwa naira, wato 1973, tsohuwa kuma ta ce daga cikin ɗaki ai bayan fari ne, mantuwa ce ta kama shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce a duba abin da suke kiwo da abin da suke shukawa. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan mijinta shekara hamsin, da mijin da bai taɓa ce mata sannu a gaban mutane ba, duk maganar da ke ransu ta bakin akuya da gindin zogale take fitowa.

Kafin a shiga rukunan sai an san dokar mallaka. A addini da al'ada dukiyar mace tata ce, miji ba ya taɓa ta sai da yardarta. Don haka a yawancin gidaje awaki da kaji na uwargida ne, lambu da rumbu da rago na maigida. Tsakanin daulolin biyu akwai darni na kara, wanda gara ke ci daga ƙasa, akuya na ci daga sama.

Rukunin da ya fi kowanne yawa shi ne gidan lambu da akuya. Tsoho yana da 'yan kunyoyi a bayan gida: rama, yakuwa, kuɓewa, tattasai, da zogale guda biyar da yake ƙirgawa kullum bayan sallar asuba. Tsohuwa tana da jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Wannan asali bai koya mata ladabi ba. Takan tsinke igiya daidai lokacin da Malam ya tafi masallaci, ta nufi zogalen da ya fi tsawo, ta dafa shi da ƙafafun gaba, ta sauke shi ƙasa. Shari'ar da ke biyo baya tana da tsari sananne. Malam ba ya yi wa matarsa magana kai tsaye, sai ya tsaya tsakar gida ya faɗa wa iska cewa ranar kasuwa wata dabba za ta ga mahauta. Uwargida kuma, ba tare da ta ɗago daga tsintar wake ba, takan ce, "Malam, ai ba ta san naka ba ne." Da yamma sai ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a akushi, wanda aka yi da ganyen da akuyar ta rage, kuma wannan shi ne diyya. Ranar kasuwa takan zo ta wuce. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, mutumin da ake gani gindin gawo yana tsince mata 'ya'yansa a aljihun riga shi ne mai ƙarar. Idan an tsare shi da tambaya zai ce don taki yake yi, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda kashin turken nan ne ke komawa kunyoyinsa duk shekara. Abin da ba ya bayyanawa shi ne dalilin da ya sa bai taɓa gyara ɓarakar darnin ba.

Na kusa da wannan shi ne gidan tsohuwa mai banki. Ita ba ta kallon awakinta a matsayin dabbobi, kowace da aikin da aka yanka mata: wannan ta kayan ɗakin jika ce, waccan ta kujerar Makka, baƙar can ta likkafani, kuma ba a taɓa ta ko da ciwo. Akuya na ɗaukar ciki wata biyar, sau da yawa ta haifi biyu, saboda haka lissafin tsohuwa ba ya buƙatar alƙalami. Tana da rassa a gidajen maƙwabta, inda ta ba da kiwo a raba 'ya'ya. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka ɓace bayan sake fasalin naira, 'ya'yanta na birni suka kwana a layin banki, ita ko gezau, sai ma ta aika a tambaye su ko a tura musu ɗan bunsuru. Mijinta a wannan tsari ɗan aike ne. Shi ke jan dabba zuwa kasuwa, amma kafin ya dawo labarin farashin ya riga shi isowa ta bakin mai tallan daddawa, don haka kuɗin goron da ya cire a hanya sai ya fito da shi. Yakan ci bashi a wurinta lokacin sayen taki. Ba ta karɓar ruwa, sai dai tuni, kuma waɗanda suka ɗanɗana sun ce gara ruwan.

Mai zabi dabam yake, don shi ya zaɓi wahala da kansa. Zabuwa da damina take ƙwai, ba ta kuma yinsa a gida, sai ta nemi cikin gamba ko ƙarƙashin sarƙaƙiya. Tsoho mai zabi yakan ɓata hantsi guda yana bin ta a ɓoye, yana laɓewa bayan dawa, da carbi a hannu don kada a ce bin tsuntsuwa yake. In ya gano wurin ba ya sa hannu, da ludayi yake kwasa, saboda ya yi imani in ta ji warin mutum za ta sauya sheƙa, kuma yakan bar mata ɗaya ko biyu don kada ta farga. Zabuwa ba ta iya reno ba, don haka kaza ake sa wa ƙwan. Kazar da ta saba tashi a kwana 21 sai ta yi kusan mako huɗu a kwance, sannan ta fito da 'ya'yan da ba sa jin kiranta. A nan matsalar fiƙihu ke tasowa: ƙwai na Malam ne, kaza ta uwargida ce, to 'yan zabin na wa? An sha kai wannan tambaya gaban limamai, kuma masu hikima daga cikinsu sukan tuna da wani uzuri na gaggawa.

Sai mai ragon layya. Yakan sayo shi tun yana ƙarami, ko balami fari tas mai dogon kunne, ko uda mai rabin jiki duhu rabi fari, ko ɗan ƙasa in aljihu bai kai ba, da niyyar ya kiwata shi zuwa babbar Sallah. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, wanka da sabulu ranar Juma'a. Ragon yakan koyi bin sa har ƙofar masallaci, ya jira. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba su ce komai ba a kan rago. Ana saura mako guda Sallah sai tsoho ya fara lura cewa kamar dabbar tana ɗingishi, kuma kowa ya san mai gurguntaka bayyananniya ba ta isar wa layya. Babu wanda ke ganin ɗingishin sai shi. A ƙarshe a buga wa babban ɗa waya ya turo kuɗin wani ragon, baƙo, wanda ba a san halinsa ba. Akwai ragunan da suka ga Sallah huɗu ta wannan hanya. Uwargida tana kiran irinsu ɗan autan Malam, kuma in tana son ta ji muryarsa sai ta tambaya ko za a sa shi a rabon gado.

Gidan mage ba ya buƙatar dogon bayani, don ba a taɓa samun wanda ya amsa cewa tasa ce ba. Da kanta ta zo, kuma saboda ɓerayen rumbu aka ƙyale ta. Tsohuwa na ajiye mata kan kifi a bayan randa, tsoho na zuba mata nono a murfin kwano in ya tabbata ba kowa, kowannensu kuma yana zargin ɗayan da lalata ta. Magen ta yi ƙiba har ta daina kamun ɓera. Kare ba ya shiga wannan lissafi, shi ma'aikacin ƙofar gida ne, ba a shafa shi, ba a barinsa kusa da buta. Mai tantabaru kuwa yawanci gado ya yi daga ɗan da ya tafi birni. Yana cewa zai sayar da su tun shekarar da yaron ya tafi, yana kuma ƙara musu tukwane a jikin katanga.

Wanda ya fi ba da sha'awa ga mai nazari shi ne ɗan boko mai ritaya, tsohon malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma da ya dawo gida da fansho da littafi. Shi ba ya shuka sai ya ja igiya, ya auna tazara da sanda, ya rubuta ranar a takarda. Ya san bambancin kamfa da yuriya, yana kuma bayyana shi ga duk wanda ya yi kuskuren yi masa sallama. Rediyo na rataye a reshen darbejiya, don tun yana yaro yake jin sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, kuma yakan amsa wa masu labarai in sun yi kuskure. Tumatir yake nomawa, shukar masu ilmi. A 2016, da tsutsar da manoma suka laƙaba wa sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, nasa ma bai tsira ba, ya dai samu abin rubutawa. Matarsa ba ta da igiya ba ta da littafi. Takan watsa 'ya'yan kabewa da lalo a bakin makwararar ruwan wanke-wanke ta manta da su, kabewar ta haye rufin ɗaki ta yi 'ya'ya goma sha. Daga nan ake miya har kaka. Malam ya bayyana cewa wannan dace ne, ba kimiyya ba, yana faɗa yana ƙara loma.

Kaji sun cancanci a tsaya a kansu saboda alaƙarsu da jikoki. Tsohuwa mai kaji ba ta yanka wa mijinta lafiyayyar kaza. Rabonsa yana zuwa ne da hunturu, lokacin da ciwon kaji ke zagaya akurki, in ta ga wata ta fara gyangyaɗi ta saki fukafuki, sai ta ƙwala kira a kawo wuƙa da sauri. Tsofaffin irin wannan gida sun san iskar hunturu da daɗi biyu. Amma ranar da jika namiji ya sauka daga mota da hutun makaranta, babban zakaran da aka hana Malam wata shida shi ake kamawa, tana cewa, "Mijina ya zo, yau tsoho sai ya nemi wani gidan." Tsoho ya rama ta wurin jika mace, ya kira ta amarya, ya tsinko mata gwabar da ya hana kowa taɓawa, kakar kuma ta ce kishiya ta zo da ƙafar dama. Wasan kaka da jika ne, sananne a ko'ina, sai dai a gidan tsofaffi yana da ƙarin amfani, don duk abin da ake faɗa wa yaran da ƙarfi ake faɗarsa, yadda na ɗaya ɗakin zai ji.

Rukuni na ƙarshe na wucin gadi ne, wato waɗanda 'ya'ya suka ɗauke zuwa birni don su huta. Akan fara da ganin likita, sai a ce su ƙara wata guda. Gida ne mai tayil da fanka da famfo a ɗaki, ba turke ba akurki. Kwana biyu na farko suna yabawa. A na uku tsohuwa ta karɓi wayar surukarta ta kira maƙwabciya, ta ƙare kuɗin katin tana tambayar ko jar ta haihu, me ta haifa, wa ya gani, an ba ta ruwan dusa. Tsoho yakan zagaya bayan gida ya samo bokitin fenti, ya huda gindinsa, ya roƙi maigadi ƙasa. Kafin mako ya cika an dasa albasa a gefen janareta, an kuma yi wa mai kula da furanni tambayar da ba ya iya amsawa, wato me ake ci a jikinsu. Ba sa haɗa baki su nemi tafiya. Tsoho zai sami ɗansa a keɓe ya ce shi kam lafiya lau yake zaune, uwarku ce hankalinta ke kan dabbobi. Tsohuwa ta ja 'yarta ɗaki ta ce ita ba ta da matsala, babanku ne ba ya barci saboda zogale. Yawanci akan sa su a mota kafin wata ya cika, da buhun shinkafa da maganin hawan jini, bokitin albasar kuma a kan cinyar Malam, don bai yarda a sa shi a but ba.