Wai Nas Guda Ce Za Ta Je Juya Tsohuwa?

Maganata gajera ce: ina so kowace makarantar koyon aikin jinya ta riƙa tura ɗalibanta su yi makonni a inda ake doguwar jinya, wato wurin tsofaffin da suka kwanta, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da masu gigin tsufa. To ga shi tun ban rufe baki ba na hango Alhaji yana gyara zaman hula, Hajiya kuma ta taɓe baki. Ku yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya, kowa zai samu rabonsa.

Alhaji, kai ne babba, da kai za a fara. Na san abin da ke bakinka: "Wannan ai tsarin Turawa ne. Mu nan wa ya isa ya kai uwarsa gidan gajiyayyu? Ai sai gari ya ɗauka." Gaskiyarka, Allah ya ƙara girma. Ba ma kai su. Muna ajiye su a ɗakin ƙurya, a saki labule, ka leƙa da safe ka ce "Inna, an tashi lafiya?" ka ajiye kuɗin fura ka wuce kasuwa. To wa ke juya ta? Wa ke yi mata tsarki, wa ke ɗura mata kunu? Uwargidanka, ko ƙanwarka da aurenta ya mutu, ko yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye. Ashe gidajen doguwar jinya muna da su a kowane lungu, allo ne kawai babu a ƙofa, kuma babu wanda ya koyi aikin a cikinsu.

Kafin ka ce tsofaffi nawa ne ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye, zuwa 2050 kuma adadinsu zai kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Lissafa shekarunka, Alhaji. Ban ce komai ba.

Hajiya, ke kuma naki ƙorafin daban ne, kuma na fi jin tausayinki don ke kika sayar da sarƙa aka biya kuɗin makaranta. "Na kai 'yata ta zama nas, ta sa farin kaya ta yi allura ta sa ƙarin ruwa, sai a ce ta je tana kwashe fo?" Allah ya huci zuciyarki. Allurar nan da kike tinƙaho da ita, yaron kemis ɗin bakin layinku ma yana yi, ko da izini ko babu. Zo in nuna miki abin da bai iya ba.

Ga tsohuwa kwance wata biyu, ba ta iya juya kanta. Ƙashin ƙugunta da tsakiyar bayanta ta ƙasa da dugaduganta suna danne fata a kan katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa, sau da yawa daga ciki, tun ido bai ga komai ba. Littattafan da ɗalibai ke karantawa suna cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, ka danna da yatsa jan bai gushe ba. Madalla. A bayan Inna, baƙa wuluk, ina za ki ga jan? Sai an sa hannu. Wurin ya fi gefensa ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi luguf-luguf, launinsa ya ɗan ƙara duhu yana sheƙi. Yarinyar da ta duba bayan nan jiya da shekaranjiya ita kaɗai za ta ce yau ya sauya. A gida kuwa me ake yi? A kawo ruwan zafi a gasa, a murje da man zafi da ƙarfin tsiya, a ƙara wa wurin rauni da niyyar alheri. Bayan kwanaki fata ta buɗe, a ga rami, wari ya cika ɗaki, a ce ciwon ajali ne.

Alhali hana gyambon kwanciya aiki ne mai ƙa'ida. Tun 1987 wasu malaman jinya biyu a Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da ma'aunin da ke duba abu shida: ko majinyaci yana jin zafin dannewa, yawan jiƙewar fatarsa, ko yana tashi ya taka, ko yana iya gyara kwanciyarsa, cin abincinsa, da gogar jikinsa da shimfiɗa. Makin daga 6 ne zuwa 23, kuma yana raguwa haɗari yana ƙaruwa. Daga nan a tsara juyi, galibi duk bayan awa biyu, har da tsakar dare. A karkata shi kaɗan a tokare da filo, a sa wani filon ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su rabu da katifa, a ɗaga shi ɗagawa in za a gyara shi, kada a ja shi a kan zani. Hajiya, wannan ne kike kira kwashe fo?

Ba da abinci ma haka. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai. A kwantar da shi rigingine a ɗura masa ruwa ko tsararon koko, ya ƙware, wani ma ko tari ba zai yi ba, abin ya zarce huhu. Kwana kaɗan sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Ɗalibar da aka koya wa za ta zaunar da shi tsaye, ta ba shi cokali ɗaya ta jira ya haɗiye, ta saurari muryarsa ko ta jiƙe, ta leƙa kumatun da ya shanye ko tuwo ya maƙale, ta bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Sannan ta wanke masa baki, abin da kusan kowa ke mantawa.

Yanzu ke, ƙanwata mai farin kaya, da kike can bayan aji kina latsa waya. Na ji kin ce ke ɗakin tiyata kike so, ko ɗakin gaggawa inda ake gudu ana kiran likita, wai wurin tsofaffi babu abin koyo sai gyangyaɗi. A ɗakin gaggawa majinyaci awa nawa yake yi a hannunki? Kafin ki riƙe sunansa an wuce da shi. A doguwar jinya za ki san Baba har ki san ranar da ba shi ba ne. Dattijon da kullum yake tsokanarki yana cewa ke ce amaryarsa, yau ya wayi gari bai gane ki ba, yana fizgar zani yana kiran mutanen da suka rasu. 'Ya'yansa za su ce gigin tsufa ne ya kama shi, maƙwabta su fara raɗe-raɗin sammu, in tsohuwa ce ma a jefe ta da maita. Ke za ki tuna cewa gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo dare ɗaya tana da dalili: ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, ƙarancin ruwa a jiki, sukari da ya faɗi, bayan gida da ya ƙi fita, ko sabon maganin da aka ƙara masa. Yawancinsu ana magance su, Baba ya dawo ya ci gaba da neman aurenki. Kuma ki gode wa Allah, wasan jika da kaka da kika taso da shi yana sa tsohon da ya ƙi magani ya buɗe baki, abin da tsawar babbar nas ba ta yi.

Tunda kuma na san rabinku fasfo na cikin jaka, bari in faɗa muku abin da ke jiran ku. Jamus tun 2020 ta haɗe karatun jinyar manya da na yara da na tsofaffi ya zama guda, shekara uku, da awa 2,500 na aiki a hannu. Cikinsu dole ɗalibi ya yi awa 400 a gidan doguwar jinya, wasu 400 kuma yana bin majinyata gida-gida. A Amurka kuwa, a 1982, gidauniyar Robert Wood Johnson ta haɗa makarantun jinya na jami'o'i 11 da gidajen tsofaffi don a riƙa koyarwa a can. Da Birtaniya ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya ne suka yi ta tururuwa. Hajiya, ashe in da fam za a biya, fo ɗin ba ya wari?

Akwai mai gardama guda da ba zan yi wa dariya ba, wato malamar jinyar da ta ce: in aka zuba ɗalibai a irin wurin nan ba mai lura da su, 'yan aikin kyauta za su zama, su yi wanki da shara su dawo sun tsani tsofaffi. Wannan gaskiya ce tsantsa. Dole malama ta bi su, kowace ɗaliba a ba ta majinyatanta ta riƙe su makonni, ta rubuta abin da ta gani kullum, a zauna a tambaye ta dalilin kowane abu da ta yi. Kuma a sa ta koya wa mai zaman jinya, don ita za a bari da Inna in an koma gida.

Wurin zuwa kuwa ba a rasa ba. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar kula da tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih tun 2012. A Kano ga masu rauni a laka da ke daɗewa a gado a Asibitin Ƙashi na Dala, ga gidan gajiyayyu na Shahuci, ga kuma ɗakunan ƙuryar nan da na tuna wa Alhaji. Shugabannin makarantun jinya, ku sa makonnin nan a jadawali, ku ba su maki kamar na ɗakin haihuwa. Kai kuma Alhaji, in ka shiga gaida Inna gobe da safe, ka ce a duba mata baya da dugadugai.