Kai Ɗan Wa Na? Shawarwari Ga Mai Neman Takardar Indijin Kafin Rajista a Aliero

Sakamakon JAMB ya fito, sunanka ya bayyana cikin waɗanda aka bai wa gurbi, Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta sun fara kiranka Injiniya tun ba ka ga ƙofar jami'a ba. Barka, ƙanena, Allah ya sa albarka. To, zo ka zauna kusa, domin akwai wata takarda falle ɗaya da ba a koya maka ita a aji ba, kuma ita ce za ta yanke yawan buhunan albasar da Baba zai sayar kafin ka yi rajista. Sunanta takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A bakin sakatariya kuwa, indijin kawai za ka ji ana cewa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin mulkin Gwamna Adamu Aliero, kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahin Gwandu, ta jiha ce. Da kuɗin Kebbi aka gina ta, da su ake biyan malamanta. Saboda haka, kamar yadda aka saba a makarantun jihohi a faɗin Najeriya, jadawalin kuɗinta layi biyu ne: na 'yan jiha da na waɗanda ba 'yan jiha ba. Hukumar tallafin karatu ta jiha ma sai ta ga wannan takarda kafin ta san da zamanka.

Wani abokinka mai yawan shiga intanet zai ce maka ai a Amurka shekara ɗaya kawai mutum kan zauna a yawancin jihohi, ya nuna takardar haya da lasin tuƙi da shaidar biyan haraji, sai a sauya masa layi ya biya kuɗin 'yan gida. Gaskiya ya faɗa, amma ka tuna masa motar Aliero za ka hau. A nan ba a ƙirga shekarun zamanka, kakanka ake tambaya. Sashe na 318 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ɗan jiha shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Don haka warin albasar da ya kama rigarka, da iya cinikinka a kasuwar Jega, da sanin kowane rami a hanyar Maiyama, duk abin yabo ne, amma ba a buga musu hatimi.

Ka fara da tsohon gidanku. Ka sayi goro fari masu kyau, ka kashe wayarka, ka same shi bayan la'asar a zaure, ka ce, “Baba Tsoho, asalinmu nake son ji.” Ka shirya haƙuri, domin tambayar nan shekara da shekaru yake jiran wanda zai yi masa ita. Zai gyara zama ya ɗauko ta tun daga garin Gimbana, ya bi ta kan fatake da jakunansu, da shekarar da ruwa ya ci fadama, da wani kawun kakanka da ya ka da ƙato a dambe. Kada ka katse shi. Abu huɗu kake nema a cikin kogin zancen: sunan kakanka na yanka, sunan mahaifinsa, unguwa ko ƙauyen da gidanku na asali yake, da kuma ƙasar wane uban ƙasa ce. Ka rubuta su da biro. Sauran labarin ma ka rubuta, don wata rana kai za a tambaya.

A nan ne za ka gano abin mamaki. Tsohon nan bai taɓa tashi daga zaurensa ba, amma ya zauna a Jihar Arewa, ya zauna a Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ya zama ɗan jihar Sakkwato a 1976, ya wayi gari ɗan Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, duk a kan buzu ɗaya. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Idan Baba ya ɗauko tasa tsohuwar takardar daga ƙasan akwati ka ga an rubuta Sakkwato, kada gabanka ya faɗi, ba baƙi ba ne ku. Haka idan ka ga sunan wata ƙaramar hukuma daban: Jega na cikin ƙananan hukumomi 19 na tsohuwar jihar Sakkwato tun 1976, Aliero da Maiyama kuwa daga baya suka samu nasu. Abin bi shi ne inda ƙauyenku ya faɗa yau cikin ƙananan hukumomi 21 na Kebbi. Takardar Baba hujja ce mai ƙarfi, ka tafi da kwafinta, amma taka za a rubuta a sakatariyar da ke riƙe da ƙauyenku yanzu.

Tsarin yakan ɗan bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, sai dai hanyar kusan ɗaya ce: mai unguwa ya shaide ka, hakimi ya sa hannu, uban ƙasa ya tabbatar, sannan sakatariya ta ba da takarda mai hatimi. Wannan wandon naka mai yagaggiyar gwiwa, ka bar shi ya huta ranar. Ka sa kaftani da hula, ka cire takalmi tun daga ƙofa, ka durƙusa ka ce, “Ranka ya daɗe.” Dattijo zai dube ka ta saman tabarau ya ce, “Kai ɗan wa na?” Kada ka ba shi sunan da kake amfani da shi a Facebook. Ka ce jikan wane ne kai, na gidan wane, a unguwa kaza. Idan ya ce, “Af! Kai jikan mai jan jaki na?” to ka yi murmushi ka amsa, ko da ba ka taɓa jin labarin jakin ba, domin rabin aikinka ya ƙare ke nan. Mafi sauƙi ka tafi da kawunka wanda ake gani a suna da jana'iza. Fuskarsa ta fi duk takardun da ke cikin jakarka. Ke ma ƙanwata, ki tafi da yayanki ko kawu, amma ki san sunayen kakanninki da bakinki, don ke ce za ki tsaya gaban masu tantancewa a jami'a, ba su ba.

A sakatariya ka yi sammako, ka guji ranar kasuwa, ka riƙe hotunan fasfo fiye da yadda aka ce maka, da takardar haihuwa, da katin lambar NIN. Duk kuɗin da ka biya ka nemi rasit cikin ladabi.

Yanzu ga inda ɗalibai suka fi karyewa, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Sunanka. A firamare hedimasta ya rubuta Muhammadu. A takardar WAEC ka zama Mohammed. Yaron kafen intanet da ya cika maka fom yana cin gyaɗa ya mayar da kai Muhammed, ya kuma sa sunan Baba a gurbin naka. Ranar haihuwa kuwa, wata takarda ta ce watan Maris, wata ta ce 1 ga Janairu, ranar da ake bai wa duk wanda aka manta tasa. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani, kuma ba ta jin “don Allah”. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma daga can take ɗauko bayananka. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har a ƙasashen maƙwabta wajen haɗa ƙashin da ya karye, amma sunan da ya karye gida uku sai takardar rantsuwa daga kotu, da zirga-zirgar gyara a ofishin katin ɗan ƙasa da na JAMB, da kuɗi, da jira. Saboda haka kafin magatakarda ya ɗora biro a kan takardarka, ka miƙa masa sunanka a rubuce, harafi bayan harafi, yadda yake a NIN. Kafin ka fita ka karanta abin da ya rubuta sau biyu. Ka kuma duba jiha da ƙaramar hukumar da aka cika maka a fom ɗin JAMB. Akwai yaran Maiyama da aka cika wa Birnin Kebbi don kawai a can kafen yake, ranar tantancewa takarda ta ce Maiyama, kwamfuta ta ce Birnin Kebbi, yaro ya tsaya yana zufa.

Idan mahaifinka daga wata jiha yake, mahaifiyarka kuwa 'yar Aliero ce gaba da baya, ƙofa ba ta rufe ba. Doka “ɗaya daga cikin iyaye” ta ce, ba ta ce uba kaɗai ba, ko da yake a aikace gidan uba aka fi tambaya, don haka sai kawunnanka na ɗaki sun tsaya maka tsayin daka. Ka dai sani cewa ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ba ta yarda mutum ya zama ɗan ƙananan hukumomi biyu ba. Wadda ka zaɓa yau ita za ta bi ka neman tallafi, ta bi ka neman aiki, ta bi ka har shiga soja ko ɗan sanda. Ku zauna da Baba ku yanke shawara tun yanzu. Ƙa'idar ta kuma ce matar aure tana nan a jiharta ta asali, don haka ƙanwata, auren ɗan Jega ba ya sauya miki layi kai tsaye.

Wani zai tare ka a gindin bishiya da jakar hannu da murmushi, ya ce ba sai ka wahalar da kawu ba, kawo kaza zuwa azahar takarda ta fito. Ka gaishe shi ka wuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jabun takarda laifi ne a doka, kuma jami'a na da ikon korar ɗalibi ko yana ajin ƙarshe idan ta gano da ita ya shiga. Ragowar 'yan dubban da za a yi bana ba su kai shekara huɗu ko biyar na karatunka ba.

Idan takarda ta zo hannu, ka yi mata kwafi da yawa, ka ɗauki hotonta ka aika wa kanka ta imel, ka ajiye ta asalin inda ɓera da ɗigar damina ba sa kaiwa. Kada a naɗe ta a sa a aljihun gaba.

Akwai wani ƙanen nawa kuma da na san yana karanta wannan zuciyarsa na suya, kuma da shi na fi son magana. A Jega aka haife shi, a Jega aka yanke cibiyar mahaifinsa. Kakansa ne ya zo fatauci daga Katsina, ko Bida, ko Ilori, ya ga kasuwa ta karɓe shi ya kafa rumfa. Yaron nan bai san wani gida ba. Harshensa na nan ne, mahaifinsa ya biya kuɗin rumfa da haraji a nan shekara da shekaru, da shi aka yi gayyar gyaran masallacin unguwa. Ranar rajista sai a nuna masa layin baƙi. Wannan abu yana damuna ƙwarai, musamman a Jega. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajajen 1820 kasuwa ce ta raya shi, ayarin fataken goro masu bin hanyar Gwanja da baƙi daga kowace kusurwa suka mayar da shi abin da ya zama. Garin da baƙi suka gina bai kamata ya rasa gurbin da zai sa jikokinsu ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin nan dai ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin asalinsa. Legas da Kaduna sun kafa hukumomin rajistar mazauna, wato an fara ƙirga mutum da inda yake zaune. Ban ce a ƙwace wa 'yan asali rangwamensu ba, jihar da take cikin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko tana da hujjar tallafa wa 'ya'yanta. Abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na Birnin Kebbi shi ne su duba yaron da ya yi firamare da sakandarensa kaf a Kebbi, da shaidar makarantunsa da ta mai unguwa, a ɗauke shi ɗan gida wajen kuɗin makaranta. Takardun tabbatar da haka suna nan a ofisoshin hedimastoci, ba sai an tono kaburbura ba.

Kafin ranar ta zo, ƙanena, ga abin yi. Ka fara gwada ƙofar gida da gaskiyarka, domin ƙa'ida ta yarda da wanda ƙaramar hukuma ta karɓa a matsayin nata, kuma akwai iyayen ƙasa masu duba tsawon zama da halin gida. Ka faɗi asalinku yadda yake, kada ka ari kakan wani. Idan ba ta yiwu ba, ka dubi jami'o'in tarayya, kamar ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda kuɗin rajista bai raba ɗan wannan jiha da na waccan ba. A can kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a ilimi, don haka maki mai kyau ba ya tambayar kakan kowa. Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, na jiha da na tarayya, bashi ne ba ruwa, ana biya bayan an gama hidimar ƙasa an samu abin yi.

Ita takardar indijin kuwa kana da haƙƙinta a garin kakanka, kuma jiharku ta asali tana da nata tallafin karatun da za ka iya nema da ita. Kada ka jira sai an buɗe rajista. Ka sa Baba ya buga wa dangin can waya tun yanzu, a nemo dattijon da ya tuna kakanka, ka ware kwana uku don hakiminsu ma yana zuwa gona. Kuma kada ka je hannu rabbana. Ka tsaya Aliero ka sa a ɗaure maka rabin buhun albasa busasshiya a bayan mota, ka raba wa gwaggonni gida-gida kafin ka buɗe baki a kan abin da ya kawo ka.