Masu Tafiya da Baya: Ire-iren Matuƙan Kwale-kwale a Oxford da Cambridge

Jami'o'in Oxford da Cambridge na ƙasar Ingila kowaccensu tarin kwalejoji ce fiye da talatin, kuma kusan kowace kwaleji tana da ƙungiyar tuƙin kwale-kwale da rumfar ajiye jirage a bakin kogi, na Oxford a kan Thames, wanda a can ake kira Isis, na Cambridge kuwa a kan Cam. Jirgin da aka fi ji da shi dogo ne siriri, tsawonsa kusan mita 18, yana ɗaukar matuƙa takwas, kowa da filafili guda, da mutum na tara mai jan akala. Bambancinsa da kwale-kwalen da ake tsere da shi a bikin Argungu shi ne matuƙan sun juya wa inda za su baya, saboda haka abin da kowannensu yake kallo tun daga tashi har sauka shi ne ƙeyar na gabansa. Daga wannan zama ne aka samo babbar aƙidar ƙungiyoyin, wato duk lokacin da jirgi ya karkata ko ya yi nawa, aikin wani ne. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, a nan kuwa an jera tuddan sahu guda.

Da yake kogunan biyu ba su da faɗin da jirage za su jeru kafaɗa da kafaɗa, sai aka ƙirƙiro tseren tunkuyi, wanda aka fara a Oxford a 1815, a Cambridge kuma a 1827. Ana jera jiragen ne wani bayan wani da tazarar kusan tsawon jirgi ɗaya da rabi, a harba igwa, kowane ya bi na gabansa, wanda ya taɓa na gaba ya karɓe matsayinsa washegari. Kowane jirgi yana yin tseren kwana huɗu, kuma inda kwaleji ta tsaya bana daga nan za ta tashi baɗi, don haka ɗalibi yakan gaji kunyar da wasu suka jawo tun yana makarantar firamare. Tseren da Cambridge take kira na watan Mayu a watan Yuni ake yin sa, kuma masana lissafin da suka cika garin ba su ga abin gyara ba.

Na farko a cikin jerin mutanen wannan harka shi ne sabon shiga, wanda ake kamawa a makon farko na Oktoba da abinci kyauta da alkawarin cewa atisayen ɗan kaɗan ne. Kafin wata ya ƙare yana tsaye a bakin kogi da duku-duku, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, tafin hannunsa duk bororo. A hannunsa ne aka fi samun abin da ake kira kama ƙaguwa, wato bakin filafili ya maƙale a cikin ruwa, ƙotarsa ta dawo ta doki mai ita a ciki ko a haɓa, wani lokaci ma ta cire shi daga jirgin baki ɗaya. Alamar ya zama ɗan gida ita ce ranar da ya fara ɗora wa sabon da ya fi shi sabunta laifin karkatar jirgi.

Mai jan akala shi ne ya fi cancantar dogon nazari, domin shi kaɗai ne yake ganin gaba, kuma shi kaɗai ne ba ya tuƙi. Ana zaɓarsa ne saboda rashin nauyi, ya zauna a ƙarshen jirgi da zare biyu a hannu da makirufo a baki, yana ba ƙarti takwas umarni, alhali ko wanne daga cikinsu zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Sana'arsa ta ginu ne a kan ƙarya mai amfani: yakan ce saura bugu goma, in an cika goman ya ce saura goma na gaskiya, yakan kuma rantse cewa jirgin gaba ya gaji, da yake ya san babu wanda zai iya waiwayawa ya ƙaryata shi. Matuƙa suna ganin zancen kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi a kansa aka yi, amma al'ada ta rama musu, domin idan aka ci gasa akan kama shi hannu da ƙafa a jefa cikin kogi, idan kuwa aka yi karo da gaɓa, sunansa kaɗai ake tunawa. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya riƙe wannan kujera yana ɗalibi a Oxford, Sue Brown kuma ta zama mace ta farko da ta ja akalar jirgin Oxford a babban tseren jami'o'in biyu a 1981, kuma babu mai jan akalar da zai bari a tashi hira bai ambaci ɗaya daga cikinsu ba.

Mai fuskantarsa, a kujera ta takwas, shi ne mai ba da kiɗa, wanda sauran bakwai suke kwaikwayon bugunsa, kuma ya yi imani cewa na bayansa gaggawa suke yi da gangan. Kujeru huɗu na tsakiya ana kiransu ɗakin inji, kuma a nan ne ake samun mai bautar na'ura, wato wanda ya ɗauki injin atisayen tuƙi na Concept2 a matsayin alƙali. Gwajin da ake yi a kansa na mita 2000 ne, shi kuwa wannan bawan Allah ya haddace lokacin kowa har da ɗigon daƙiƙa, yana kuma kawo nasa a hirar da ba ta shafi ruwa ba, ko da ta ta'aziyya ce. Abokan hamayyarsa, masu rauni a injin da gwaninta a kogi, suna da amsa guda, wai na'ura ba ta iyo. Kujera ta uku akan ce ta wanda ba a san inda za a kai shi ba ce, na goshin jirgi kuma yana alfahari da cewa shi ne farkon tsallake layin ƙarshe, ba ya faɗin cewa shi ne farkon jin karo.

Koci yana bin jirgin ne a kan keke ta hanyar gefen kogi, idonsa a kan filafilai, bakinsa yana ihu, shi ya sa tarihin kowace ƙungiya bai rasa labarin keken da ya shiga ruwa da mai shi. Akwai kuma ɗan kwalejin da aka ɗauka a jirgin jami'a, mai zuwa babban tseren da aka fara a 1829, wanda yanzu ake yi a Landan daga Putney zuwa Mortlake, kilomita 6.8, wannan yakan dawo jirgin kwalejinsa da bazara kamar ango, a matsa masa kujera, wanda aka tsige dominsa kuma ya yi murmushin dole.

Tsohon ɗalibi ya fi kowa daɗewa a harkar. Yakan bayyana ranar gasa cikin kwat mai launin kwalejinsa, wanda maɓallinsa ya daina haɗuwa tun tuni, ya shaida wa matasa cewa a zamaninsu jirgi na katako ne, kogi ya fi tsawo, sanyi ya fi cizo. Idan jirginsu ya taɓa yin tunkuyi a dukkan kwana huɗun, to yana da filafilin girmamawa da aka rubuta sunayensu a kai da fenti, mai tsawon fiye da mita uku, wanda ya bi shi gida bayan gida duk da ra'ayin uwargida. Ana haƙuri da shi ne domin daga aljihun irinsa sabon jirgi yake fitowa.

A can ƙasan jeri akwai jiragen 'yan nishaɗi, waɗanda suka haɗu makonni kaɗan kafin gasa, suke zuwa da kayan ban dariya, suke kuma toshe kogi a kwanar farko. Wanda aka tunkuya kwana huɗu a jere ana cewa ya ci cokali, kuma 'yan nishaɗin kaɗai ne suke karɓar wannan lamba da shewa. Jirgin da ke kan gaba duka, mai laƙabin shugaban kogi, ba shi da wanda zai bi, aikinsa gudu ne kawai yana kallon masu farautarsa. Idan ya tsira har rana ta huɗu, al'adar wasu kwalejoji ita ce a ɗauko tsohon jirgin katako a kai shi harabar kwaleji a cinna masa wuta, ma'ajin ƙungiya yana tsaye yana kallo.