Mayaƙan Kan Benci

A shagon cajin waya na unguwarmu akwai talabijin a saman firji da benci biyu. Duk daren da aka sa fim ɗin yaƙi, na China ko na Amurka, na kan zauna a baya in kalli masu kallo, don sun fi fim ɗin daɗi.

Gaba-gaba akwai Ba'amurken zuci. Bai taɓa wuce Zariya ba, amma in ya ce "sojojinmu" sai ka tambaye shi na wace ƙasa. Daren da aka sa Wolf Warrior 2, da jarumin fim ɗin, Wu Jing, ya tare roka da ragar gadon ƙarfe, sai ya ja tsaki: "Kai, Cainis da ƙarya!" Da jarumin ya zura hannu cikin tutar China ya ɗaga, mayaƙa suka tsagaita wuta motocinsa suka wuce, cewa ya yi farfaganda ce zalla. Shi ne kuma ya yarda, har da rantsuwa, cewa Rambo ya yi karo da helikwaftan Rasha da tankar yaƙi a Afganistan ya fito yana kaɗe ƙura. Ka ce masa rundunar ruwan Amurka ce ta ba masu Top Gun jirage, kuma ma'aikatar tsaronsu sai ta karanta labarin fim kafin ta ba da aron kayan yaƙi, sai ya ce ai wannan haɗin kai ne.

Kishiyarsa Alhajin Guangzhou. Sau ɗaya ya je sarin takalma, mako biyu, ya dawo da "mu a can". Ya haddace lissafi kamar da jarinsa a ciki: Wolf Warrior 2 ya tara dala miliyan 870 a 2017, The Battle at Lake Changjin ya haura miliyan 900 a 2021. In ya daina ihu, yana da magana. Jarumin Amurka ɗan taurin kai ne, yana yi wa ogansa gardama, sau da yawa ma gwamnatinsa ce ke cin amanarsa. Na China ko an kore shi daga soja, ƙasa ba ta laifi. Jirgin ruwan yaƙi na nan bakin teku yana jiran izini daga sama, izinin kuma sai ya iso a daidai lokacin da hawaye ya cika idon kyaftin. Na taɓa tuna wa Alhaji cewa Amurkawa sun yi Platoon, suka tona asirin yaƙinsu na Biyetnam, har aka ba fim ɗin Oscar, alhali Luo Changping, tsohon ɗan jarida, wata bakwai ya sha a kurkuku saboda ya yi wa sojojin Lake Changjin shaguɓe a intanet. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Mai kuka ba shi da ɓangare. A fim ɗin Lake Changjin, da aka nuna sojojin China a duwatsun Koriya cikin sanyin 1950 suna gutsurar dankalin da ya daskare, Amurkawa kuwa na yagar talotalo, sai da ya jiƙe hannun rigarsa. Makon da ya wuce Amurkawan ya yi wa kuka a Saving Private Ryan.

Baba kuwa kunfu yake jira. A wurinsa Cainis yana nufin Bruce Lee: a kashe malami, ɗalibi ya shiga daji ya koyo faɗa, ya dawo ɗaukar fansa. An yi awa guda ana ɓarin wuta, tankoki na kifewa, sai ya taɓo na kusa da shi: "Yaro, wai yaushe za a fara faɗan?"

Ni nawa ciwon daban ne, 'yan'uwa nake nema a bayan jarumi. A Wolf Warrior 2 ƙasar Afirka ce da ba a ko raɗa mata suna ba, ga tawaye, ga annobar da aka ƙirƙiro, ga mutanenmu suna gudu da kaya a ka har Basine ya zo ceto. A Black Hawk Down 'yan Somaliya ne ke zubewa kamar fara, kowane sojan Amurka kuwa da sunansa da labarin iyalinsa. Sai in ce a ɗan tsayar, in nuna wani can gefen allo: "Ga namu!" Kafin a juyo an harbe shi.

A ƙarshen benci akwai wanda tun rubutun farko yake gyangyaɗi. Lake Changjin ya kusa awa uku, bai ga ko minti goma ba. Sai an fara tashi ya farka, ya share yawu, ya ce, "Akta ya kashe bos?" A ce masa e. Ya karɓi wayarsa daga caji ya tafi, bai tambayi fim ɗin wace ƙasa aka sa ba.