Sannunku da Noma, Mutanen Albany

A gaida 'yan majalisar jihar New York da ke zama a Albany. A 2012 suka dubi halin da manomi yake ciki, tausayi ya kama su, sai suka yi masa dokar buɗe mashaya. Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu, ta fara aiki a Janairun 2013, aka raɗa mata suna lasisin giyar gona.

Sunan kaɗai ya isa a ba su lambar yabo. Mai wannan lasisi ba sai yana da gona ba. Ko bai taɓa riƙe fartanya ba, ko tukwanen dahuwarsa na cikin wani tsohon sito a tsakiyar Brooklyn, takarda ta ce giyarsa ta gona ce. Sharaɗin shi ne kashi 20 cikin ɗari na sha'ir da furen hof, mai sa wa giya ɗaci, ya fito daga gonakin jihar. A 2019 aka ɗaga zuwa kashi 60. Da ya cika wannan, hanya ta buɗe: ya tsiyaya wa masu sha kofi-kofi nan take ba tare da neman wani lasisi ba, ya kuma buɗe rassa har biyar. Wane mai noman kabeji aka taɓa yi wa irin wannan gata?

Da hujjarsu kuwa. A ƙarni na 19 New York ce kan gaba a noman hof a Amurka, kafin cutar ganye da haramcin giya na 1920 su durƙusar da shi. Masu kishin gadon kakanni ba za su bari ya tafi haka ba, madalla da su.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa yawan shan giya na kashe mutum kusan 178,000 duk shekara a Amurka. Kada wannan ya hana ku barci, 'yan majalisa, ranku ya daɗe. Hantar da sha'irin gida ya ƙona ai ta bunƙasa arzikin jiha. Matar da aka buga wa waya ƙarfe biyun dare, aka ce motar mijinta ta kife a hanyar ƙauye, yara na barci a ɗaki, tana lalube takalmi hannu na rawa, ku aika a shaida mata kashi 60 na abin da ya sha a kusa da gida aka noma shi.